Yadda Ake Dasa Ƙananan Itatuwan da Ke Ƙawata Lambu a Hunturun Ingila

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu yawancin lambunan gidaje a Ingila sukan koma fayau. Ganye ya zube, ƙasa ta jiƙe sharkaf, sama ta yi toka-toka, kuma a tsakiyar Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Da yawa daga cikin Hausawan da karatu ko aiki ya zaunar da su a can sukan ɗauka cewa babu abin da za a yi wa lambu a wannan lokaci sai haƙuri har zuwa Afrilu. Ba haka abin yake ba. Akwai itatuwan da sai cikin tsananin sanyi suke yin fure, akwai waɗanda ɓawon rassansu ke yin ja ko rawaya bayan ganye ya kaɗe, akwai kuma masu ƙamshin da kan tarbi mutum tun daga bakin titi. Wanda ya san kariya a gida, yadda take fitar da furanni a kan rassa tsirara a tsakiyar rani, ba zai yi mamakin wannan ɗabi'a ba, ko da yake ita kariyar ba ta jure sanyin Turai a waje.

Mataki na farko: a je a gani tun kafin a saya

Bikin baje kolin furanni na Chelsea, wanda Ƙungiyar Masu Lambu ta Birtaniya, wato RHS, ke shiryawa a Landan tun 1913, a watan Mayu ake yin sa, saboda haka ba zai nuna wa mutum abin da lambu ke iya zama a Janairu ba. Abin da ya kamata a nema shi ne bukukuwa da lambunan da aka tsara musamman domin hunturu. A lambun itatuwa na Kalmthout da ke Beljiyam ana yin bikin itaciyar Hamamelis duk shekara tsakanin Janairu da Fabrairu. A Ingila kuwa, shirin National Garden Scheme kan sa masu gidaje su buɗe lambunansu ga jama'a a watan Fabrairu, lokacin da fararen furannin nan na Galanthus ke fitowa, kuma a irin waɗannan ranaku sau da yawa akan tarar da tsirrai na sayarwa. Lambun Jami'ar Kambirij yana da sashen hunturu tun 1979. Anglesey Abbey, wani tsohon gida mai babban lambu wanda bai da nisa da Kambirij, ya buɗe nasa a 1998. Akwai lambun Sir Harold Hillier kusa da Romsey a Hampshire, da lambun Dunham Massey ga mazauna Mancesta, da kuma hanyoyin yawon hunturu da RHS ta shimfiɗa a lambunanta na Wisley da Harlow Carr.

Tafiyar tana da amfani ne idan an je da niyyar koyo. A tafi da waya a ɗauki hoton itaciyar tare da allon sunanta, domin sunan Latin da sunan iri da ke rubuce a kai su ne za a nema a wajen masu sayarwa, kuma bambancin iri ɗaya da wani yakan zama bambancin ja mai haske da ja mai duhu. A lura da girman da itaciyar ta kai bayan shekaru, domin abin da ake sayarwa a 'yar tukunya mai tsawon kamu biyu yana iya zama mita uku nan gaba. A sunsuna furen, tun da hoto ba ya ɗaukar ƙamshi, kuma ƙamshin da ya burge wani yana iya hawa kan wani. Idan an sami mai renon tsirrai a rumfarsa, a tambaye shi abu uku: irin ƙasar da itaciyar ke so, ko tana jure inuwa, da watan da ake datse ta. Ina ganin ya fi kyau a je da rana tsaka ko bayan azahar kaɗan, domin a ga yadda hasken rana mai zuwa a karkace ke ratsa jajayen rassa, wanda shi ne abin da za a yi ƙoƙarin samarwa a gida.

Mataki na biyu: sanin wuri da ƙasa

A cikin hunturu ba a zama a lambu, ta taga ake kallonsa, ko kuma a ratsa shi da sauri tsakanin ƙofa da titi. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Kafin a sayi komai, a tsaya a tagar kicin da ta falo a ga wuraren da ido ke sauka a kansu, a kafa sanda a kowanne, domin nan ne masu launi za su zauna. Masu ƙamshi kuwa wurinsu bakin ƙofa ne da gefen hanyar da ake bi kullum. Itaciyar da aka kai ƙarshen lambu bayan rumbun kayan aiki za ta yi furenta ta gama ba wanda ya gani.

Sai a lura da rana. A Landan, a ƙarshen Disamba, rana ba ta wuce kimanin digiri 15 sama da sararin ƙasa ko da tsakar rana, saboda haka katanga ko gidan maƙwabci da ba ya tare komai a Yuli yana iya rufe rabin lambu da inuwa a Janairu. A duba da safe, a duba da rana, a rubuta inda haske ke kaiwa.

Ƙasar ma sai an gwada ta. A damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa a hannu: idan ta dunƙule tana sheƙi, yumɓu ce, irin wadda ta mamaye yawancin Landan, mai riƙe ruwa a hunturu tana tsagewa a lokacin zafi. Idan ta wargaje, rairayi ya yi yawa a cikinta. Shagunan kayan lambu suna sayar da ɗan kayan gwajin tsamin ƙasa da araha. Awon da ya gaza 7 yana nufin ƙasa mai tsami, wanda ya haura 7 kuma ƙasa ce mai alli, irin ta tuddan Chilterns da wasu sassan kudu maso gabas. Wannan gwaji na 'yan mintoci yana hana asarar kuɗi mai yawa, domin itaciya mafi tsada a cikin waɗanda za a ambata ba ta son alli.

Mataki na uku: zaɓen itatuwa

Ga mai farawa, babu abin da ya kai Cornus sauƙi da arha. Ba don furenta ake dasa ta ba, don launin rassanta ne. Cornus alba 'Sibirica' tana da rassa ja wur, Cornus sericea 'Flaviramea' nata rawaya ne mai ratsin kore, Cornus alba 'Kesselringii' kuma shunayya ce mai duhu har ta kusa zama baƙa. Cornus sanguinea 'Midwinter Fire' ta fi su ɗaukar ido, domin reshenta yakan fara da rawaya daga gindi, ya koma ruwan goro, ya ƙare da ja a tsini. Dukansu suna jure yumɓu da danshi, amma launinsu ba ya fita sosai sai a wurin da rana ke samu. Shawarar da zan dage a kanta ita ce a dasa iri ɗaya guda uku ko biyar a wuri ɗaya, da tazarar kimanin mita ɗaya, maimakon a sayi ɗaya-ɗaya daga kowane iri. Gindi ɗaya tilo ba ya fita daga nesa, amma idan sun taru sukan zama launi guda mai cika ido. Idan bayansu akwai shinge mai duhun ganye, jan zai ƙara fitowa.

Hamamelis ita ce wadda kowa ke tsayawa a gabanta a wuraren baje koli. Furanninta sirara ne kamar zare, suna fitowa a kan rassa marasa ganye daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, kuma sanyi mai daskarar da ruwa ba ya lalata su. 'Pallida' rawaya ce mai haske da ƙamshi, 'Jelena' ruwan tagulla ce, 'Diane' kuma ja ce. Waɗannan biyun na ƙarshe a Kalmthout aka fitar da su, aka sa musu sunan Jelena de Belder da na 'yarta. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana son ƙasa mai ɗan tsami ko tsaka-tsaki wadda ba ta bushewa kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinta, tana girma a hankali, tana iya buɗewa har mita uku ko huɗu, kuma tana da tsada saboda aure ake yi mata a kan gindin wani iri. Wanda lambunsa ƙarami ne ya ɗauki guda ɗaya, kuma a ganina rawayar ta fi, domin a ranar da gari ya yi duhu ja yakan ɓace wa ido daga nesa, rawaya kuwa tana nan tana haske.

Viburnum bodnantense 'Dawn', wadda aka samar a lambun Bodnant da ke arewacin Wales a shekarun 1930, ba ta da wannan tsirfa. Tana karɓar kusan kowace ƙasa, tana fitar da dunƙulen furanni ruwan hoda masu ƙamshi daga Nuwamba har Maris, kuma idan sanyi ya ƙone wasu, sababbi kan biyo baya da zarar gari ya ɗan sassauta. Takan kai mita biyu da rabi zuwa uku a tsaye.

Wurin da rana ba ta kaiwa ma yana da nasa. Sarcococca confusa ba ta zubar da ganye, furanninta farare ne ƙanana har ba a cika lura da su ba, amma ƙamshinsu yana cika farfajiya daga Disamba zuwa Maris, kuma tana rayuwa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi da gefen katanga. Idan mutum itaciya ɗaya kaɗai zai iya dasawa a bakin ƙofa, wannan zan ce ya ɗauka. Mahonia 'Charity' da 'Winter Sun' suna fitar da dogayen zangarniyoyin fure rawaya daga Nuwamba, ƙudan zuma masu fita a ranakun da sanyi ya yi sauƙi suna samun abinci a kansu, amma ganyensu yana da ƙaya, don haka a nisanta su da hanyar yara. Skimmia japonica 'Rubella' gajera ce, tana riƙe jajayen tohon fure duk tsawon hunturu, kuma ta dace da tukunya.

Game da Daphne bholua 'Jacqueline Postill', wadda aka fitar a gandun renon Hillier a 1982, ƙamshinta ya kai duk yabon da ake yi masa, amma akwai abu biyu da ya wajaba a sani. Ba ta son a tone ta a sauya mata wuri bayan ta kama, kuma dukan sassanta guba ne idan aka ci. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi tunani sosai kafin ya kawo ta, haka nan 'ya'yan Skimmia da na Ilex, wata itaciya mai jajayen 'ya'ya, ba abin kaiwa baki ba ne. Ga katanga kuwa akwai Jasminum nudiflorum, wadda Robert Fortune ya kawo daga Sin a 1844, mai furanni rawaya marasa ƙamshi, mai jure kusan komai, sai dai ba ta hawa da kanta, sai an ɗaure rassanta a jikin waya.

Mai son jajayen 'ya'ya ya tuna cewa Ilex da Skimmia suna da namiji da mace, macen ce ke yin 'ya'ya, kuma sai da namiji a kusa. Sunayen ma suna ruɗarwa, domin Ilex 'Golden King' mace ce, 'Silver Queen' kuma namiji. Irin Ilex da ake kira 'J.C. van Tol' yana yin 'ya'ya shi kaɗai, saboda haka ya fi sauƙi ga ƙaramin lambu.

Mataki na huɗu: saye

A kan takardar da ke rataye jikin tsiro a nemi alamar kofi ta lambar yabon RHS, wadda ke nuna cewa an gwada irin an ga ingancinsa. A duba kuma awon jure sanyi: H4 yana jure sanyin da ya kai tsakanin digiri 5 da 10 ƙasa da sifili, H5 kuma tsakanin 10 da 15, kuma mazauna arewacin Ingila da Sikotilan sun fi samun kwanciyar hankali da H5 zuwa sama. A zare tsiron daga tukunya a dubi saiwarsa. Farar saiwa mai yaɗuwa ita ake so, wadda kuwa ta nannaɗe ta zama dunƙule mai tauri ta daɗe a tukunya. Hamamelis da Daphne a saye su suna cikin fure domin a tabbatar da launi da ƙamshi. Cornus kuwa ana samun ta ba tukunya, saiwa a waje, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ta fi araha ƙwarai a haka.

Mataki na biyar: dashe

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa ke da sauran ɗumi, amma ana iya dashe har zuwa Maris muddin ƙasar ba ta daskare ba kuma ruwa bai kwanta a kanta ba. Idan an sayo tsiro a Janairu aka tarar ƙasa ta ƙanƙare, a ajiye shi cikin tukunyarsa a jikin bango inda iska ba ta bugu, a jira. Mai saiwa a waje kuwa a rufe saiwar da jiƙaƙƙen takin shuka kada ta bushe ko na yini ɗaya.

A fara da nome ciyawa a da'irar da ta kai faɗin mita ɗaya, a cire saiwoyinta. A jiƙa tsiron a bokitin ruwa har kumfar iska ta daina fitowa. A haƙa rami mai faɗin da ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa kada ya wuce na dunƙulen. A nan ne mafi yawan masu dashe suke kuskure, domin suna ganin zurfafawa gata ce ga itaciya, alhali gindin da aka binne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi sannu a hankali, sai bayan shekara biyu ko uku a ga itaciya ta mutu ba a san dalili ba. A gitta sanda a bakin ramin a tabbatar da cewa inda saiwar farko ta fito daga gindi yana daidai da fuskar ƙasa. A sassoke gefen ramin da shebur mai yatsu domin saiwa ta sami hanyar fita, musamman a yumɓu.

Idan ƙasar tana buƙatar gyara, a gauraya ruɓaɓɓen taki da ƙasar wurin gaba ɗaya, kada a cika ramin da taki zalla, domin a yumɓu irin wannan rami yakan zama matattarar ruwa. Inda ruwa ke yawan kwanciya, a ɗan tayar da ƙasa a yi tudu a dasa a kansa. A warware saiwar da ta nannaɗe da yatsu, a zaunar da tsiron, a mayar da ƙasa, a danna da ƙafa a hankali ba tare da an daddaƙe ta ba, sannan a ba shi ruwa sosai ko da ana yayyafi, domin ruwan ne ke haɗa ƙasa da saiwa. Daga nan a lulluɓe kewayen da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7, a bar tazarar kimanin santimita 10 tsakaninsa da gindin. Bayan kowane dare mai tsananin sanyi ko iska mai ƙarfi, a leƙa a ga ko tsiron ya ɗago, a sake danna ƙasar.

Ƙarƙashin itatuwan kada a bar shi fili. Galanthus da Cyclamen coum da Helleborus suna fure a wannan lokaci, kuma fararen furanni a gindin jajayen rassa suna da kyau ƙwarai. Galanthus ya fi kamawa idan aka dasa shi da ɗanyen ganyensa jim kaɗan bayan ya gama fure.

Mataki na shida: ban ruwa da datsa

Sunan da Ingila ta yi na yawan ruwan sama yana sa mutane sakaci da ban ruwa, amma abin da ya fi kashe sabon dashe shi ne bushewa a lokacin zafi na shekara biyun farko. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a ƙasar, kuma a watan Agusta aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama. Daga Afrilu zuwa Satumba, duk makon da ba a yi ruwan kirki ba, a ba kowane gindi cikakken bokiti sau ɗaya ko sau biyu, wanda ya fi yayyafawa kaɗan-kaɗan kullum. Hamamelis tana ɗaura tohon furen hunturu ne tun a lokacin zafi, saboda haka ƙishin Agusta a Janairu ake ganin sakamakonsa.

Datsa kuwa ita ce sirrin launin Cornus, domin sabon reshe ne mai launi, tsoho yakan koma toka-toka. A bar ta shekara biyu ko uku ta kafu, sannan duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da toho ya fara buɗewa, a yanke rassan a bar santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Hannu yakan yi nauyi a karon farko, amma kafin Oktoba za ta fitar da sababbin rassa miƙaƙƙu masu tsawon mita ɗaya ko fiye. 'Midwinter Fire' ba ta da ƙarfin sauran, don haka ita a cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassanta kawai. Bayan datsa a watsa takin zamani na gama-gari kimanin giram 70 a kowace murabba'in mita, a sabunta lulluɓin gindi.

Masu fure dokarsu daban ce: ana datse su da zarar sun gama fure, ba a kaka ba, domin wanda ya aske su a Oktoba ya zubar da furen da ya shekara yana jira. Jasminum a rage rassan da suka yi fure. Viburnum da ta manyanta a cire mata tsoho ɗaya cikin rassa huɗu ko biyar daga gindi. Mahonia da ta yi tsawo ƙasanta ya zama fayau a sare kanta, za ta yi rassa. Daphne a bar ta yadda take. Hamamelis ba ta buƙatar komai sai cire duk wani tsiro da ya fito daga ƙasan wurin auren, domin na gindin aro ne, kuma idan aka ƙyale shi zai rinjayi irin da aka saya.

Ga mai zaman haya

Da yawa daga cikin 'yan uwa a gidan haya suke, kuma haƙa rami a lambun sai da izinin mai gida. Tukunya tana warware wannan. Sarcococca da Skimmia da Erica carnea, har da Cornus guda ɗaya, suna rayuwa a tukunya mai faɗin santimita 40 zuwa 45 wadda ke da huda a ƙasa. A yi amfani da ƙasar shuka mai nauyi irin John Innes mai lamba 3, ga Skimmia da Hamamelis kuma a nemi wadda aka haɗa domin masu son tsami, a riƙa ba su ruwan sama inda hali ya yi, tun da ruwan famfo a Landan da kewayenta yana da alli. A ɗora tukunyar a kan bulo domin ruwa ya tsiyaye, a naɗe ta da buhu idan an yi hasashen sanyi mai tsanani, domin saiwar da ke tukunya ta fi ta cikin ƙasa saurin daskarewa.

Wanda ke son ƙarin Cornus ba tare da kashe kuɗi ba, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya yanko lafiyayyen reshe na bana mai kaurin fensir, ya yanka shi gunduwa-gunduwa tsawon santimita 20 zuwa 25, yankan ƙasa dab da ƙarƙashin ido, na sama kuma a karkace a bisa ido domin kada a juya shi. Ya soke kashi biyu cikin uku a ƙasa ko a doguwar tukunya a wurin da iska ba ta bugu, ya kula kada su bushe a lokacin zafi, ya bar su a nan har Oktoba ko Nuwamba mai zuwa, sannan ya tone waɗanda suka yi saiwa ya kai su mazauninsu.